Kamilu Ya Daina Musu

Sallama gare ku duka, har da masu karantawa a ɓoye su wuce ko gaisuwa babu. Na ga abin da wasunku suka rubuto, wai ni Zaituna ba ni da godiyar Allah, na samu saurayi mai haƙuri ina masa yanga. Wata ma cewa ta yi in tura mata lambarsa tunda ba na so. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan. Amma ku zauna in warware muku zancen daga tushe, in ya so sai ku yanke mini hukunci da hujja.

Gidanmu a Limawa yake, cikin Dutse. Mahaifina malamin zaure ne, Baba Malam muke ce masa. Tun da Allah Ya yi wa Umma rasuwa, yayata Najwa kuma aka kai ta ɗakinta a Kano, gidan ya koma daga ni sai shi, sai ƙarar fanka idan an kawo wuta. Baba ba mai magana ba ne in ba karatu yake bayarwa ba. Sai mu wuni cikin gida ɗaya, abin da zai haɗa mu bai wuce "kin ci abinci?" da "na ci, Baba" ba. Ina share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata, ina tuƙa tuwon da ba ya ƙarewa. Wani lokacin sai in kunna rediyo, ba don ina saurare ba, don dai in ji muryar mutum.

Da la'asar ne kawai gidan ke motsi. Manyan ɗalibansa su cika zaure da takalma da tari, wasu na fiƙihu, wasu kuma tsofaffin ƙasidun Larabawa suke ɗauka saboda lugga. Ɗalibi ya ja baiti, Baba ya warware masa kalma-kalma da Hausa. Ni kuwa tun ina ƙarama ina bayan ƙofa da farantin tsintar wake, ina satar karatu da kunne. A nan na fara jin mawaƙin da zai tsaya a kufan masoyiyarsa yana tambayar murhu da turakun da aka bari ina mutanen suka nufa. Su ɗaliban Baba kalmomi suke nema, ni kuma mutumin nake tausayi. Abin da ya ja ni ke nan na karanta adabi a jami'a nan Dutse, har na rubuta kundin digirina a kan yadda so yake juya halin mutane a tsofaffin labarai da ƙasidu.

A ajin nan na haɗu da Kamilu. Ɗan Taura ne, dogo, siriri, hularsa kullum a karkace, aljihun rigarsa kullum da tabon biro. Maganar farko da ta shiga tsakaninmu ba sallama ba ce. Na gama gabatar da aikina a gaban aji ina jin kaina, sai ya ɗaga hannu.

"Malama, ki yi haƙuri, amma duk abin da kika faɗa babu ko ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa."

Wallahi ranar da harara tana kisa da an yi jana'iza a sashenmu.

Ga abin da ya raba mu. Ni ra'ayina, so ba ya canza mutum, tona shi yake yi. Wanda ya zama jarumi don mace, dama jarumtar tana kwance a cikinsa. Wanda ya zama azzalumi don kishi, dama azzalumi ne da bai samu dama ba. Shi kuma Kamilu ya kafe a kan cewa so sake ƙera mutum yake yi, wanda ya shiga ba shi ne yake fitowa ba. Akwai wani tsohon labari da aka ba mu, na wani falke da ba ya kwana biyu a gari ɗaya, har ya yada zango a wani ƙauye ya ga mai sayar da fura. Ayari ya tashi ya bar shi. Ya zauna a zangon nan har jakunansa suka tsufa suka mutu, ita kuwa ba ta aure shi ba. Na ce mutumin nan dama ya gaji da hanya, dalilin zama yake nema. Kamilu ya ce ƙarya ne, falken ya mutu ranar da ya karɓi ƙwaryar fura, wanda ya zauna wani mutum ne dabam da ya gaji jakunansa.

A kan falken nan mun yi musu a gindin darbejiyar sashe, mun yi a layin karɓar takardu, mun yi a waya. In tura masa saƙon murya mai tsawo, ya maido wanda ya fi shi tsawo, yana farawa da "'Yar Malam, kin sake ɓata hanya." Akwai ranar da mai adaidaita ya gangara gefen titi ya kashe inji ya ce ko mu yi shiru ko mu sauka, shi kansa ciwo yake. Muka sauka. Muka ƙarasa a ƙafa cikin rana muna ci gaba daga inda muka tsaya.

Ku gane, a lokacin nan shirun gidanmu bai dame ni ba. Ina wanke-wanke ina shirya amsar da zan kayar da shi da ita gobe. Ina dariya ni kaɗai a madafa. A duk duniya shi kaɗai ne yake sauraron maganata har ya ga ta isa a musa ta.

Muka gama makaranta, ya samu koyarwa a wata sakandare. Sai wata Juma'a aka ce ana sallama da ni. Na leƙa, na ga mutum cikin shadda ruwan toka ta sha guga, hula a miƙe tsaf, turare har tsakar gida. Sai da ya yi magana na gane shi. Ya yi ta kame-kame, yana kallon takalminsa, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi murna. Na shiga ɗaki na rufe fuska da matashi na yi ihun da ba wanda ya ji. Na ce shi ke nan, na samu wanda za mu tsufa muna musu.

Daga ranar ban sake ganin Kamilun da na sani ba.

Ga irin hirarmu ta waya yanzu, na kwafo muku ita yadda take:

Ni: Na sake karanta labarin falken nan. Ina nan a kan bakana.

Shi: Gaskiyarki ne, ranki ya daɗe.

Ni: Gaskiyata a me?

Shi: A duka. Kin ci abinci?

Kin ci abinci! Ina da mai tambayata wannan a gida, ba sai an turo mini wani daga Taura ba. Sai in zauna ina kallon wayar, in ga alamar yana rubutu, yana rubutu, zuciyata ta fara tsalle, in ce yau kam ga shi nan zai dawo. Alamar ta ɗauke. Can sai ga ɗan hoton fure ya faɗo.

Na gwada shi ta kowace hanya. Na rubuta masa cewa tsofaffin ƙasidun nan ɓata lokaci ne, gara a daina koyar da su. Mutumin da ya taɓa ƙin yi mini magana don na ce wani baiti bai yi mini daɗi ba! Amsarsa: "Akwai ƙamshin gaskiya a maganarki, gimbiya." Na jefa wayar kan katifa na fita na zauna a kan turmi. Babu wanda zan gaya wa. Na kira Yaya Najwa, tana fama da yara, ta ce, "To ke me kike so, ya doke ki?" ta kashe. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga saurayi ina da shi, yana turo mini fure safe da yamma.

Ana haka Gwaggo Bilki, ƙanwar Baba da ke aure a Taura, ta sauka da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ba ta ko cire mayafi ba ta fara.

"Ke 'yar nan, me kike jira ne? Kawun yaron nan ya aiko, so suke a ba su rana su zo gaisuwa. Ubanki ya ce sai ya ji daga bakinki. Mu a zamaninmu wa yake jin bakin wa?"

"Gwaggo, ina tunani ne."

"Tunanin me? Na san gidansu ciki da waje. Yaron nan da can bakinsa kamar rediyo, ko liman sai ya yi wa gyara. Yanzu kowa a unguwa cewa yake Kamilu ya nutsu, albarkar 'yar Malam ce. Kin gyara mutum, kuma ki tsaya kina tura baki?"

"Ni ban ce a gyara mini shi ba."

Ta tafa hannu ta yi salati. "Mata suna kuka miji ya cika faɗa, ke kina kuka ba ya yi. Wannan bokon dai da kuka yi, Allah Ya sawwaƙe."

Na murza bakin zanina. Ta ina zan fara yi wa Gwaggo bayani? Abin da ke cina a rai ko ni sai da na daɗe kafin na iya jera shi. Idan ni ce da gaskiya, so tonawa yake yi, to wannan mai "duk yadda kika ce" shi ne ainihin Kamilu, wancan mai musun riga ce ya cire. Idan kuma shi ne da gaskiya, so yana sake mutum, to sona ne ya kashe wanda nake so, ni ce mai furar ke nan. Ko ta ina na juya, ni ce a ƙasa. Na rubuta kundi guda a kan wannan tambaya, aka yaba mini, ban san wata rana za ta zo ta zauna mini a zaure da hula a miƙe ba.

Jiya da safe na kai wa Baba kunu da ƙosai. Yana kan buzunsa, tabarau a kan hanci. Na ajiye zan juya sai ya ce in zauna. Na zauna nesa kaɗan, na ja hijabi na rufe ƙafafuna.

"Gwaggonki ta ce kina da abin da ke damunki game da yaron nan. Ya yi miki wani abu ne?"

"A'a, Baba."

"Kin ji wani mugun hali a kansa?"

"A'a." Kunya ta kama ni, amma na daure. "Baba, ba ya musa mini komai ne. Duk abin da na ce sai ya ce haka ne."

Na zaci zai yi dariya ko ya yi mini faɗa irin na Gwaggo. Sai ya cire tabarau ya riƙe, ya daɗe yana kallon bakin ƙofar ɗakin Umma da ke rufe.

"Mahaifiyarki," ya ce, "Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa barin maganata ta wuce ba ta duba ta ba. In na fassara baiti a zaure tana ji daga madafa, in na shigo sai ta ce, Malam, mutumin nan ba raƙumarsa yake wa kuka ba, kai ma ka sani. Likita bai gaya mini ciwonta ya yi nisa ba. Ranar da na ce wani abu ta ce mini 'to, Malam' ta juya kai, ranar na sani."

Ban taɓa jin Baba ya yi maganar Umma mai tsawon haka ba. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Ya mayar da tabaransa ya jawo kofin kunu.

"Ba zan zaɓa miki ba. Amma ba a barin mutane a tsaye. In ya zo yau ku yi magana. In ya tashi ki same ni, zan kira kawunsa kafin magariba, ko su zo ko su haƙura."

Da yamma, bayan ɗalibai sun watse, na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na saka atamfata mai ruwan ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, kwalli kawai na zizara. Na ɗauki jug ɗin zoɓo da dabino a ɗan faranti. Ya riga ya zauna a tabarmar zaure, farin yadi, hula zanna, agogo sabo. Ya rame, sai yanzu da nake rubuta muku na tuna na ga haka.

"Barka da fitowa, ranki ya daɗe."

"Kamilu, dan Allah ka daina ce mini ranki ya daɗe."

"To, na daina."

Kun ji ko? Ko a wannan bai ja ba.

Na zuba masa zoɓo na ce, "Ka san ka ci gardamarmu? Kai ka ce so yana sake mutum. Ga ka nan, an sake ka tas, ko ni ban gane ka ba."

Ya yi murmushi. "In kin ce haka ne."

"Ba in na ce ba! Kai me ka ce?" Muryata ta tashi har sai da na waiga cikin gida. Na rage ta. "Me na yi maka? Ina mutumin da ya ce maganata ba ta tsaya da ƙafarta ba? Shi na ce ina so. Wannan da kake kawo mini ban san shi ba."

Ya juya kofin a hannunsa. "Da can in na musa miki kika fusata, gobe ma ajinmu ɗaya, dole ki gan ni. Yanzu in kika fusata kika shige gidan nan, wa zai fito mini da ke? Ina rubuta amsa, Zaituna. Doguwa. Sai in karanta in ga inda za ta ɓata miki rai, in goge."

"Wato tsorona kake ji."

"Tsoron rashinki nake ji."

Taurin kaina bai bar ni na sauko ba. Na ce, "Baba yana jirana, yau zai ba kawunka amsa. Ka faɗa mini abu ɗaya da na yi kuskure a kai. Ɗaya tak, da gaske, ba na wasa ba. In ba ka da shi, zan ce masa su haƙura."

A waje wata mai talla tana kiran gyaɗa, akuyar maƙwabta tana ta kuka. Na fara tattara faranti. Sai ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya ɗago ya kalle ni ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba.

"To, 'yar Malam. Kin ce kina sona. Ban yarda ba."

Na ajiye farantin.

"Tun da na fara zuwa gidan nan, kin taɓa tambayata yaya nake? Ba 'ya aiki' ta gaisuwa ba. Innata tana kwance tun farkon damina, ɓarin jikinta ba ya motsi. Kullum in na tashi daga makaranta Taura nake wucewa, ni nake juya ta, ni nake ba ta abinci a baki. Daga gefen gadonta nake amsa miki saƙo. Ke kuma abin da kike turo mini falke ne da jakunansa."

"Ai ba ka gaya mini ba!"

"Ban gaya miki ba, laifina ne, na ɗauka. Amma mutum ya canza a gabanki gaba ɗaya, ya rame, ya yi shiru, ke da kika rubuta kundi a kan halin mutane, dalili ɗaya kawai kika iya hangowa, ke. Gidanku shiru ne, kina neman mai cika miki shi da magana. Wannan ba laifi ba ne, wallahi na tausaya miki. Amma ko wa ya zauna a tabarmar nan ya iya musu zai wadatar da ke. Ni kuwa ba musu ne kaɗai a cikina ba. Akwai tsoro, akwai gajiya, akwai ranar da ba ni da abin cewa. Wannan mutumin kin ce ba ki san shi ba, kuma ban ga kina neman saninsa ba."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni, ina jin zafin maganar har cikin ƙashina. Kuma a daidai lokacin zuciyata tana bugawa da wani irin farin ciki na rashin hankali, don ga shi nan, ya dawo, muryar nan ce, har da yatsan da yake kaɗawa. Na nemi amsa ta ko'ina. Ina da ita a kan rabin maganarsa, don ba gaskiya ba ne a ce ko wa zai wadatar. Sauran rabin kuwa na laluba ban samu komai ba.

"Yaya jikin Innar?" na ce, murya can ƙasa.

"Da sauƙi." Ya miƙe, ya kifa hular a ka ba tare da ya duba zamanta ba. "Kin ce in faɗa, na faɗa. Ki gaya wa Malam abin da yake gaskiya a ranki. Ni ma yanzu da na ji kaina na faɗe ta a fili, ban sani ba ko ina so su zo."

Ya saka takalmi ya fita. Bai ce sai da safe ba, bai ce ranki ya daɗe ba.

Na tsaya a tsakiyar zaure da jug a hannu. Tun safe ina ganin zaɓi a hannuna yake, ni ce mai cewa e ko a'a, ashe ana iya karɓe shi ana tsaye. Na ji ina son in bi shi da gudu har titi in ce ya dawo ban gama ba, ba kuma musun nake nufi ba, so nake in ji wane asibiti suka je, wa yake kwana da ita, shi me ya ci yau.

"Zaituna."

Baba ne daga tsakar gida. Na shiga. Yana tsaye bakin rijiya da butar alwala a gefensa, waya a kunne, Gwaggo Bilki ta leƙo daga ɗaki ta kafa mini ido. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Kawunsa ne ya riga ni kira, ga shi a kan layi. Me zan ce masa?"

Na kasa kunne waje, ina jiran ƙarar da za ta gaya mini ya tafi. Har lokacin bai tayar da babur ɗin ba.